Jirgin Jamus a Akwatin Agogo

Abin da ya kusa raba ni da matata bai fi tsawon hannuna ba, daga wuyan hannu zuwa kan yatsa. Roba ce. Ba ya tashi, ba ya ƙara, ko sauro ba zai kashe ba. Amma sai da ya kai ni Kabo, na zauna a soro gaban jama'a kamar wanda aka kama da akuyar wani.

Ni mai gyaran agogo ne. Boko aji uku na yi, allo kuwa izu biyar, aka cire ni aka kai ni koyon sana'a. Teburina yana bakin kasuwar Gwarzo, tsakanin mai faci da masu gwanjo. Akwatin gilashi, benci, hantsaki biyu, da ɗan gilashin da nake maƙalawa a ido ɗaya. Dukiyar ke nan. Kafin a shiga tsuke bakin aljihu, malaman makaranta da ma'aikata layi suke yi mini. Da wannan ostaritin ya zo sai kowa ya gane ana iya rayuwa ba agogo: rana tana nan, ladan yana nan. Bayan haka kuma agogon roba mai batir ya shigo, wanda in ya mutu ba a gyarawa, bola ake kai shi. Na koma zama daga hantsi zuwa la'asar ina korar ƙuda daga kan gilashi.

Cikin wannan zaman ne maƙwabcina mai gwanjo ya kwance dila ya tsinci wani kwali naɗe cikin kwat. Ya ɗauka rediyo ne. Da ya buɗe sai ya ga ƙananan robobi ruwan toka, duk a maƙale jikin sanduna kamar gyaɗa a jikin saiwa.

Ya ce, "Turawan nan ba tsoron Allah. Har fasasshen kaya suke cusa mana a dila."

Na karɓa na duba. Ba fasasshe ba ne, haɗa shi ne ba a yi ba. Na canza masa gilashin agogonsa, ya bar mini kwalin.

A bayan kwalin akwai hoto: jirgin yaƙi siriri, hancinsa rawaya, mutum ɗaya tal a ciki, can bayansa wani jirgin yana faɗowa da baƙin hayaƙi. Wani malamin makaranta ya karanta mini rubutun. Ya ce na Jamus ne, na babban yaƙin Turawa, wanda aka kwashi sa'o'in iyayenmu aka kai. Sunan dogo ne, harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba, lambar kawai na riƙe: ɗari da tara. Ya kuma ce in na jera arba'in da takwas irinsa, hanci da wutsiya, na sami tsawon na gaskiyar. Daga baya na auna da ƙafa. Daga teburina zuwa rumfar mai nama. Na yi mamaki, ashe abin da ya firgita duniya bai fi haka ba.

Akwai takarda a ciki, duk zane da kibiyoyi da lambobi. Rubutun ba ruwana da shi, amma lamba ai sana'ata ce. Matsalar gam ce. Wanda suka sa a ciki ya bushe kamar dutse. Na gwada sulushan na mai faci, da safe na tarar fiffiken ya langaɓe. Wani mai fentin mota a tasha ne ya ɗan tsiyayo mini tinna a kwalbar turare, na gano cewa ɗigo ɗaya yana narka robar. Sai in tsoma bakin allura, in shafa a gefe, in haɗa biyun in danne, in ƙirga arba'in. In ya yi yawa ya cinye wurin, in ya yi kaɗan ya ƙi kamawa. Fenti ma ragowar gwangwanayensa ne. Farfelar gaba kuwa ban yarda in manne ta ba. Na ciro sandar tsakiya daga wani mataccen agogo na ɗora ta a kai, yadda ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta juya.

Damina biyu na yi a kansa. Ban yi sauri ba. In na gama, me zan yi?

Matata 'yar Kabo ce, kuma bakinta ba ya ajiya. Ita ta raɗa masa suna shirwar roba. In na dawo gida hannu rabbana sai ta ce, "Yaya shirwar? Ta kamo mana ɗan tsako yau, ko ita ma ostaritin ya taɓa ta?"

Akwai matuƙi a cikin kayan, ɗan mutum-mutumi da bai fi kwanson gyaɗa ba, da hancinsa da tabarau. Shi ya tsaya mini a rai. Na ɗauke shi na kai wa tsohon malamin da nake ɗaukar karatu wajensa. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce jirgi ba shi da rai, ba laifi, amma wannan siffar mai rai ce, in cire masa kai. Na sa reza na cire. Na zaunar da shi a kujerarsa ba kai, na rufe shi da ɗan murfin gilashin roba. Don tsoron Allah na yi haka. A riƙe wannan, domin shi ne abin da daga baya aka juya mini.

Abu ɗaya ya gagare ni. Wata 'yar takarda ce mai sheƙi, ɗauke da alamomin da ke jikin jirgin a hoto. Na yanko lamba ɗaya na liƙa da ƙaro, ta yi kauri, ta yi muni, ta ɓalle. Na mai da sauran cikin kwali. Jirgin ya zauna a akwatin gilashina tsirara, tsakanin agogunan da masu su ba su dawo ɗauka ba, fiye da shekara goma. Duk Gwarzo an san shi. Masu jiran mota sukan tsaya su hura farfelar ta ƙofar akwatin.

Sai aka zo shekarar Shari'a. Kada wani ya ɗauka ban yi murna ba. Na yi kabbara tare da masu kabbara. An rufe gidan giyan bayan tasha, mudu ya ɗan gyaru, na ga wannan da idona. Amma na kuma ga wasu samari da suka ɗaura wa kansu aikin duba komai, daga tsawon wando zuwa hoton da ke bayan mota. Gari ya zama kowa yana kallon kowa.

A wannan shekarar ce, cikin duk shekarun duniya, na sa 'yar takardar nan a aljihu don in nuna wa mai rubuta allon shago ko ya san dabararta. Ban same shi ba, na manta da ita. Washegari matata ta jiƙa rigar. Ina alwala na ji ta ƙwala mini kira.

"Maigida, zo ka ga hotunanka suna iyo!"

Na leƙa bahon. Ga su nan saman ruwa, sun rabu da takardar, sirara kamar fatar albasa. Ashe ruwa kawai suke so. Shekara goma sha wani abu, ruwa! Na aika aka ɗauko mini jirgin da hantsaki. Ita ta riƙe shi da hannu biyu, ni ina tsamo su ɗaya-ɗaya ina zamar da su kan fiffike, ina goge ruwan da bakin zanenta. Biyu a sama, biyu a ƙasa, ɗaya a kowane gefe. Suka kwanta luf kamar da su aka haife shi.

Ta ɗaga shi ta kalla. Ta ce, "To, yau dai shirwa ta yi wanka." Shi ne yabo na farko da ta taɓa yi masa.

Alamar baƙa ce, layi biyu sun gitta juna, da farin gefe. Wallahi daga ni har ita ba wanda ya ga kuros. Mun yi shekaru muna kallon hoton kwalin nan, ido kuwa in ya saba da abu ba ya ganinsa.

Nan sai na faɗi abin da ba na son faɗi. Ubana Bamaguje ne, daga wani ƙauye bayan Kutama. Ya musulunta tun kafin ya auri uwata, ya mutu da carbi a hannu. Amma wasu daga dangi coci suka shiga, kuma ɗan baffana, ɗaya daga cikinsu, yakan zo ranar kasuwa ya zauna a bencina mu gaisa. Jinina ne, ba zan kore shi ba. Mutane sun san duk wannan. Sun ajiye shi ne kawai, kamar yadda ake ajiye wuƙa a ƙarƙashin tabarma.

Sati bai cika ba na ga masu hura farfela sun daina. Wasu samari biyu suka zo suka tsaya, ba sallama, suka daɗe suna leƙen akwatin, ɗaya ya nuna wa ɗaya matuƙin, suka tafi. Mai faci ne ya faɗa mini, yana danna tiyub cikin ruwa, bai ko ɗago kai ba.

"Ka san me ake cewa?"

"Me ake cewa?"

"Wai ka bi 'yan'uwanka. Wai kuros shida ka kafa. Wasu kuma sun ce ba coci ba ne, tsafin gidanku ne, ka yanke kan mutum ka kulle shi a gilashi. Har an fara lissafin wanda ya yi ciwon kai a layin nan."

Na ce, "To su zaɓi ɗaya mana. Coci ko tsafi?"

Ya ce, "Ba abin dariya ba ne. Ɗauke shi ka kai gida."

Da na ji maganarsa, da ba a kai inda aka kai ba. Amma na yi tunanin in na ɓoye shi yau, gobe za a ce ga shi nan, ya ɓoye, ashe gaskiya ne. Ga kuma taurin kai, ba zan ɓoye wannan ba. Na bar shi inda yake.

Ranar Juma'a a sahu, mutumin da ke damana, wanda muka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa, ya janye ƙafarsa daga tawa. Kaɗan ya janye, faɗin yatsa biyu. Duk sallar nan ban san me liman ya karanta ba. Wurin nan da ba ƙafa nake ji, kamar an ɗora mini garwashi.

Ran Lahadi da hantsi yayan matata ya iso daga Kabo. Tun rasuwar ubansu shi ne babba, shi ne waliyyinta. Dama tun farko bai so aka ba ni ita ba, tsohon ne ya ce ya ba ni. Bai zo gida ba sai da ya fara biyowa ta kasuwa. Ya tsaya gaban akwatin, ya kalla, ya kalla.

Na ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ga benci."

Ya ce, "Ba zama ya kawo ni ba. Inna ba ta jin daɗi, zan tafi da yarinyar nan ta duba ta."

Yarinyar nan, mace mai 'ya'ya shida.

Na ce, "Yaushe za ta dawo?"

Ya ce, "Ranar Laraba ka zo gida. Ka zo da wannan abin. Malam liman zai zauna."

Na bi shi har gida. Ta riga ta ji komai, ta ɗaura mayafi, ƙullin kayanta ƙarami. Ba ta yi kuka ba. Da za ta wuce ni a ƙofa ta ce a hankali, "Akwai miya a tukunya, a ɗumama kada ta lalace. Kuma ka riƙe bakinka ran Laraba, na san ka."

Kwana uku na yi ina kallon jirgin nan. Na ɗauki reza sau biyu zan kankare alamun, na ajiye. Yanzu ai an riga an gani. In na kai shi a kankare, na amsa laifi tun kafin a tambaye ni.

Ran Laraba na sa shi a kwalinsa, da takardar zanen, na shiga motar Kabo. Na rungume kwalin a cinya kamar mai kai jariri asibiti.

Soron gidansu ya cika. Dattawa a kan tabarma, samari tsaye a bakin ƙofa, sun toshe haske. Limamin unguwar yana jingine da bango, tsoho tukuf, ido ya yi rauni. Shi ya ɗaura mana aure. Ƙofar cikin gida tana bayansa, an saki labule, kuma na ga yatsun ƙafa a ƙarƙashin labulen. Na san yatsun.

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ba wanda yake jin amsar wani. Sannan na buɗe kwalin na ajiye jirgin a tsakiyar tabarma. Wani ya ce a'uzubillahi. Wani ya ja da baya kamar zai tashi sama.

Na ba da labari tun daga dila. Na nuna hoton kwali, na nuna takarda. Liman ya miƙo hannu, na ɗora masa. Ya kawo shi daf da hanci bai gani ba, sai na ciro gilashin idona na nuna masa yadda ake maƙalawa. Ya daɗe yana leƙen matuƙin.

Ya ce, "Wa ya yi wannan yanka?"

Na ce, "Ni ne, Malam. Malamina ne ya ce in cire, saboda siffa."

"Hannunka bai karkace ba. Ina malamin?"

"Ya rasu."

Wani daga ƙofa ya ce, "Ai dama. Shaidar da ke kabari."

Akwai wani malamin firamare a wurin, liman ya ce ya karanta kwalin. Ya karanta, ya ce gaskiya ne, jirgin yaƙin Jamus ne, kuma alamar ta sojansu ce, ba ta coci ba. Na fara sakin numfashi. Sai ya gyara tabarau, don shi ma a san ya yi karatu, ya ce, "Amma fa in asali ake bi, daga kuros ɗin aka samo ta."

Soron ya ɗauki guna-guni. Ban ji haushinsa sosai ba, ina jin gaskiya ya faɗa. Gaskiyar ce dai ta zo a mugun lokaci.

Yayan matata ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ban taɓa ganinsa haka ba, idonsa ya yi ja, kuma ba na fushi kaɗai ba.

Ya ce, "Malam, ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. Gobe ƙiyama ni za a tambaya a hannun wa na bar ta. Ni ban ce a dake shi ba, ban ce a kai shi kotu ba. Abu ɗaya nake so. Ya tuba a gaban jama'a, ya maimaita kalmar shahada, kowa ya ji. Shi ke nan."

Aka ce, "Ai ya yi adalci." Aka ce, "Abu mai sauƙi."

Ba mai sauƙi ba ne, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malamai a soron nan ya sani. Wanda ya tuba ya sake shahada, ya yarda ya fita ke nan. Wanda ya fita kuwa aurensa ya warware, sai an ɗaura sabo. Sabon kuma sai da yardar waliyyi. Waliyyin ga shi nan zaune yana kallona. In na faɗa, na saki matata da bakina. In na ƙi, na ƙi kalmar shahada a gaban shaidu, a shekarar da ake ciki.

Na tuna ta ce in riƙe bakina. Na riƙe iyakar iyawata. Sannan na ce, "Yaya, kalmar nan da ita na tashi yau da asuba, da ita zan kwanta. Amma ba zan faɗe ta don in shigo ba. Ban fita ba."

"Ya ƙi!" in ji wani saurayi. "Kun ji da kunnenku, ya ƙi!"

Suka matso. Hasken ƙofar ya ƙarasa toshewa. Wani dattijo yana cewa a yi haƙuri, ba mai jinsa. Na kalli ƙasan labule, yatsun sun dunƙule. Na soma lissafin taku nawa ne daga inda nake zuwa ƙofar cikin gida, da ko za su bi ni har wajen mata.

Liman bai ɗaga murya ba. Har yanzu gilashina yana maƙale a idonsa, ya mai da shi kamar wata mujiya. Ya ce, "Mai agogo."

Na ce, "Na'am, Malam."

"Ƙarfe nawa?"

Na duba hannuna. Na ce, "Biyu saura kwata."

Ya ce, "Subhanallahi, muna nan muna surutu lokaci yana wucewa. Ladanmu mura ta kama shi. Tashi ka kira mana salla."

Yayan matata ya ce, "Malam, shi?"

Liman ya ce, "Shi. Ko akwai wanda zai hana a kira salla?"

Samarin suka dare, suka ba ni hanya, don ba su san me za su yi ba in ba haka ba.

Masallacin yana tsallaken lungu. Na yi alwala. Na shiga, sai ga ladan zaune a gindin lasifika, lafiyarsa ƙalau, har yana cin goro. Ya kalle ni, ya kalli liman da ake riƙo da shi a baya, ya miƙo mini abin magana.

Ban taɓa kiran salla a lasifika ba. Kabbarar farko muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Ta biyu ta ɗan zauna. Da na zo kan shahada sai na gane abin da tsohon ya yi. Kalmar da suka ce in faɗa, ga ta a cikin kiran salla, sau biyu-biyu, kuma ba mai tuba ne yake faɗinta ba, mai kiran Musulmi ne zuwa salla. Na buɗe maƙogwaro na sake ta. Na ji ta tana dawo mini daga bangon gidaje. Duk Kabo ta ji, har matan da ke cikin gida. A bayana kuma na ji mutanen soron nan suna amsawa, kalma bayan kalma, don dole ne wanda ya ji kira ya amsa. Har muryar yayan matata na tsinta a ciki.

Liman ya tsayar da ni daidai bayansa a sahun farko. Da aka sallame ya juyo, ya ce wa yayan matata, "Ka ce kana son ji daga bakinsa. Ka ji?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji, Malam."

"Ya kira, kun amsa, kun zo. Wanda yake ganin kafiri ne ya kira shi salla ya taso, to ya faɗa mini yanzu in san irin karatun da zan sake masa." Ba wanda ya motsa. Sai ya juyo kaina. "Kai kuma, taurin kai ba ibada ba ne. Ka kankare abin nan daga fiffiken, ka ɗauki iyalinka ku tafi. Ungo idonka."

Muna fitowa na ji ana daka a cikin gidan, bugu uku ko huɗu, aka daina. Ban kawo komai a raina ba. Da na shiga soro sai na tarar da kwalin a kan tabarma, da takardar zane, ba jirgi. Na duba bayan ƙofa. Na kalli samarin, kowa ya kau da kai. Na ce a raina ɗayansu ne. Ban tambaya ba, wanda ya tsira da kai ba ya tsayawa neman hula.

Ta fito da ƙullinta. Innar da aka ce ba ta da lafiya ta rako ta har ƙofa da ƙafafunta. Yayanta bai fito ba.

A mota muka sami kujerar baya. Muka wuce gonaki da yawa. Kwalin yana cinyata, ba nauyi.

Na ce, "Sun sace shi."

Ta ce, "Ba su sace ba. Ni ce."

Na juyo na kalle ta.

"Kuna salla na fito na ɗauka. Turmin Inna. Bugu huɗu."

Na ce, "Malam ai cewa ya yi a kankare kawai."

"Malam ya wanke ka yau. Shekararsa nawa? In ya mutu wa zai sake ce maka tashi ka kira salla? Ka kankare, su ce ga tabon kuros. Ka fente, su ce yana ƙarƙashi. Ni na riƙe maka shi ka liƙa abin nan, da hannuna. Kwana uku ina zaune a ɗakin Inna ina kallon hannun."

Na ce, "Damina biyu na yi ina haɗa shi."

Ta ce, "Ni shekara ashirin da biyu na yi ina haɗa gidan."

Kwandasta ya juyo yana kallonmu, na daka masa harara ya mai da kansa gaba. Muna gab da shiga Gwarzo ta kwance bakin zanenta, inda take ƙulle canji, ta ciro wani abu ta sa mini a tafin hannu. Farfelar ce, da sandar agogon a jikinta. Ta cire ta kafin ta daka.

Ta ce, "Wannan ba kuros, ba kai. In sun ga dama su ce fanka ce ta aljanu."

Kwana uku ban yi mata magana ba, sai abin da ya zama dole. Ita ma ba ta neme ni da magana ba, tuwo dai yana zuwa a kan lokaci. Mai faci ya tambaye ni ina shirwa, na ce ta tashi. Mutumin da ke damana a sahu ya dawo da ƙafarsa bayan wata biyu, kamar ba shi ya janye ba, ni ma na yi kamar ban lura ba. Ɗan baffana kuwa da kansa ya daina zama a bencina. Yakan gaishe ni daga tsaye ya wuce. Wannan ba wanda ya gyara shi.

Farfelar tana cikin gwangwanin da nake tara ƙananan kusoshin agogo. Kwalin kuma ita ta karɓe, zare da allura take ajiyewa a ciki, ta juya hoton yana kallon bango. Har yau ban ce mata ta kyauta ba. Ita ma ba ta tambaya ba.